Wane irin iyafis ko sifika ya dace da mai son jin sauti yana barci?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Ina so in riƙa jin waƙa mai sanyi ko karatu ƙasa-ƙasa har barci ya ɗauke ni, saboda janaretan maƙwabta ba ya mutuwa sai wajen ƙarfe biyun dare. A ɓangaren dama nake kwanciya. Iyafis ɗin Bluetooth mai jela da nake da shi yana danne min kunne, kuma cajinsa ba ya kai asuba. Mu biyu ne a ɗakin da ƙanena, ba na so in takura masa. Wanne ya fi dacewa in saya, iyafis, hedifon ko ƙaramar sifika? Kwana da abu a kunne yana da illa? Kuma yaya zan yi kada alam da kiran sallar asuba su wuce ni?

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, tunda a gefe kake kwanciya, ka ajiye maganar daɗin sauti da ƙarfin bas, wato sauti mai kauri, tukuna. Abin da za ka fara dubawa shi ne kaurin abin, wato nawa ne yake leƙowa waje daga kunne. Nauyin kai gaba ɗaya yana sauka a kan kunnen da ke ƙasa, don haka ko 'yar ƙaramar roba mai tauri ce ta leƙo, bayan awa biyu za ka ji ta.

Ga gwajin da za ka yi tun a shago. Sa iyafis ɗin, ka shimfiɗa tafin hannunka a kan kunnen ka ɗan danna. In tafin ya fara taɓa iyafis kafin ya taɓa gefen kunnen, bar musu kayansu, filo ma haka zai yi masa. In ya nutse cikin kwarmin kunne har tafin ya kwanta lafiya lau, to wannan za a iya kwana da shi.

Babban hedifon mai rufe kunne, cire shi daga lissafi. Na mai kwanciya rigingine ne wanda ba ya juyi, kuma ko shi, a zafin watan Afrilu soson zai jiƙe da gumi, fatar da aka lulluɓe shi da ita ta fara ɓarewa. Mai jela irin naka matsalarsa biyu: jelar tana zama sandar da filo ke turawa ta karkatar da bakin a cikin kunne, sannan wurin taɓawar da ke jikinsa yana ɗaukar gogar filo a matsayin yatsa. Shi ya sa za ka ji waƙa ta tsaya ko ta tsallake da kanta, wani lokacin ma ya kira lambar ƙarshe da ka kira. In yana da manhaja, shiga ka kashe taɓawar da kuma abin da ke tsayar da sauti in an cire shi daga kunne.

Abin da ya rage maka uku ne.

Akwai ƙananan iyafis da aka ƙera don barci kawai. Ba su da jela, jikinsu roba ce mai laushi, suna da ɗan fiffike da ke maƙalewa a lanƙwasar kunne don kada su faɗo. Soundcore na kamfanin Anker suna da Sleep A10 da A20. Bose sun yi nasu mai suna Sleepbuds, amma sun daina yi a 2023, kuma ko da ka samu na hannu kada ka saya don waƙa, domin ba ya kunna abin da ke cikin wayarka, sai sautukan da ke manhajarsu kaɗai. Irin waɗannan su ne suka fi daɗin kwanciya, su ne kuma suka fi tsada, kuma jabunsu ya yi yawa.

Akwai na ɗaurin kai, wato ƙyalle mai kama da bandeji da aka cusa wa faifan sifika biyu marasa kauri a ciki. Ba abin da ke shiga ramin kunne. A kwali yawanci za ka ga an rubuta awa 8 zuwa 10, kuma ya fi yiwuwa ya kai hakan saboda batirinsa ya fi na iyafis girma. Ka duba abu uku kafin ka biya: ana iya zare sifikun da batirin a wanke ƙyallen? Akwatin batirin a goshi yake ko a gefe (na gefe zai danne ka)? Sifikun suna zamewa a cikin ƙyallen? In suna zamewa, daidaita su a kan kunnuwanka ka yi musu ɗinki biyu a kowane gefe da zare da allura, magana ta ƙare. Aibinsa zafi. Lokacin hunturu ba kamarsa, amma daga Maris zuwa Mayu ba kowa zai jure ƙyalle a kai ba in babu wuta.

Na uku shi ne mafi arha: ƙaramin iyafis mai waya wanda kansa roba ce zalla. Ba caji, ba muryar da za ta ce maka batir ya yi ƙasa da tsakar dare. Ka zaɓi mai jak (bakin da ake sokawa a wayar hannu) lanƙwasasshe, domin miƙaƙƙen a gindinsa wayar take karyewa. Kada ka bar wayar a gabanka tana lilo, zura ta ta bayan wuya zuwa saman filo, wayar hannun kuma ta zauna ta wajen kai, don kada ta naɗe ka in ka juya. In wayarka ba ta da ramin jak na milimita 3.5, sai ka nemi mahaɗin USB-C, ka gwada shi a kan wayar kafin ka bar shagon, saboda wasu wayoyin ba sa karɓar mahaɗin da ba shi da ɗan guntun sarrafa sauti a ciki. Gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba: kada ka kwana da iyafis mai waya a kunne alhali wayar hannun tana jone da soket, musamman da caja mai arha da wutar da ke zuwa ta ɗauke.

Kafin ka kashe ko kwabo ma, gwada wannan da wanda kake da shi. Sa guda ɗaya kawai a kunnen hagu da ke sama, na dama filo ya riga ya toshe shi. Shiga saitin waya wajen taimakon masu lalurar ji ka kunna sautin mono, don duk sautin ya taru a kunne ɗaya. Da yawa daga nan matsalarsu take ƙarewa.

Bazazzagi ya amsa:

Abin da Oga Mai Gyara ya faɗa a kan kauri haka yake. Sai dai ni ina ganin tambayar ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba: son jin abu mai kwantar da hankali, da son kauce wa ƙarar janareta. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya haɗa su shi ne yake ƙure murya ya cuci kunnensa.

Ƙaramin janaretan fetur yana juyawa sau 3,000 a minti don ya ba da wuta mai 50Hz, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ƙarar da ke shigo maka ɗaki ta bango da taga mafi yawanta gurnani ne na ƙasa, mai kauri, wanda ba ya canzawa. Waƙa ba ta iya rufe irin wannan, domin waƙa tana hawa tana sauka, tana da gurabun shiru, kuma a kowane gurbi gurnanin zai leƙo. Karatu ma haka, tsakanin aya da aya. Sai hannu ya kai kan maɓallin ƙari.

Bari in sa lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da haɗari ba, yaro kuwa desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10. Mai kwana da sauti a desibel 80 awa 8 kullum ya tara awa 56 a mako, ya wuce ƙa'idar tun bai lissafa abin da ya ji da rana ba. Saboda haka desibel 80 ba ma'aunin dare ba ne sam. Hira ta yau da kullum wajen 60 take, raɗa wajen 30, kuma hukumar dai ta ce ɗakin barci ya kamata ya tsaya wajen 30. Abin da ke kunnenka da dare ya zama ƙasa da hira sosai. Yawancin waya da iyafis in an ƙure su suna kai 100 ko fiye.

Yadda za ka saita: yi shi lokacin da janaretan yake kashe. Sauke murya har ƙasa, ka riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya har ka fara fahimtar kalmomi, ka tsaya nan. Ka sa ƙanenka ya yi maka magana da muryarsa ta kullum daga nisan hannu guda. In sai ya maimaita, ka yi yawa. Ka riƙe wannan matakin, kada ka wuce shi ko janareta ya tashi. A iPhone akwai wurin da ake sa wa hedifon iyaka daga desibel 75 zuwa 100 a cikin saitin sauti, sa shi a 75. Wayoyin Samsung ma suna da wurin ƙayyade iyakar murya.

To janaretan fa? A rage shi kafin ya isa dodon kunne, maimakon a yi gasar ƙara da shi. Hanya biyu ce. Ta farko ita ce iyafis mai kashe hayaniya, wanda ake rubuta wa ANC a kwali. Yana da makirfo da ke sauraron ƙarar waje, ya fitar da kishiyarta, su kashe juna. Ya ƙware a kan ƙara mai kauri da ba ta canzawa, irin janareta, fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Ba ya yin abin kirki a kan kukan zakara, muryar mutane, ko minshari mai tashi da faɗuwa. Ga mai kwanciya a gefe kuma yana da matsala: in makirfon ya gogi filo za ka ji shuu, wasu har fito suke yi in an danne su, sannan yana rage awannin caji. In za ka yi amfani da shi, kunnen sama kawai. Ka lura cewa ba kowane iyafis na barci ne yake da wannan ba, A20 da aka ambata toshewa kawai yake yi da robarsa.

Ta biyu ita ce soson toshe kunne irin na ma'aikatan masana'anta, wanda ake samu a kantin magani ko wajen masu sayar da kayan kariya. A leda za ka ga lamba 29 zuwa 33, wato desibel ɗin da aka ce yana ragewa, amma a zahiri abin da mutum ke samu bai kai haka ba, galibi don ba a sa shi daidai. Murza shi da yatsu ya zama siriri ba tare da ya ninke ba, zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama da baya, tura shi, ka riƙe da yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. In an kalle ka ta gaba aka hango rabinsa a waje, bai shiga ba. Soso a kunne, ɗaurin kai a samansa, haɗi ne mai kyau: soson ya rage janareta, sautin kuma yana manne da kunne.

Maganar sifika kuwa, da kai kaɗai ne a ɗakin da ita zan ce ka saya, don babu abin da ya kai barin kunne a buɗe. Tunda ku biyu ne, dabarar ita ce kusanci. Duk lokacin da nisa ya ninka, sauti yana raguwa da kusan desibel 6 a fili, a ɗaki kuma bai kai haka ba saboda bango yana dawo da shi. Sifikar da ke santimita 25 daga kanka, in ƙanenka yana mita 2, abin da zai isa gare shi kaɗan ne. Kada ka jingina ta da bango ko ka sa ta a lungu, bas yana ƙaruwa a nan, kuma bas ne ke damun na gefe. Akwai kuma siririyar sifika da ake turawa ƙarƙashin filo. Tana da kyau ga karatu da rediyo, amma ba ta fitar da sauti mai kauri, don haka ba za ta rufe maka janareta ba, kuma filo mai kauri na soso yana cinye muryarta. Sa ta cikin rigar filon ta sama-sama maimakon can ƙasa.

Anti Nas ta amsa:

Ƙanena, a kan tambayarka ta biyu. Illa tana nan, amma ana iya kauce mata.

Ramin kunnen babba tsawonsa wajen santimita biyu da rabi ne, kuma yana share kansa da kansa: dattin kunne yana tafowa waje a hankali. Abin da ya toshe ramin awa bakwai ko takwas kullum yana hana shi fitowa, yana ma tura shi ciki ya taru ya daskare. Sai mutum ya ji kunne ya toshe, ji ya ragu, ya ƙara murya. Na biyu shi ne danshi. Kunnen da aka rufe cikin zafi yana gumi, wuri mai ɗumi da laima kuwa shi ƙwayoyin cuta da fumfuna suke so. Alamun su ne ƙaiƙayi mai naci, zafi in an ja kunnen ko an danna gabansa, ruwa ko wari. Duk wanda ya ga haka ya ajiye iyafis da soso gaba ɗaya ya je a duba shi. Mai ciwon suga kada ya yi jinkiri ko kaɗan, ciwon kunne yana yi musu tsanani. Wanda dodon kunnensa ya taɓa fashewa ko kunnensa ke zubar da ruwa, sifika ce tasa, ba abin cusawa ba.

Kada a sa iyafis bayan wanka ko alwala sai kunne ya bushe. Robar bakin tana zuwa girma uku, ƙarama, matsakaiciya da babba. Don barci ɗauki mafi ƙanƙantar da ke zama ba ta faɗowa, ba wadda ta fi matsewa ba, kuma ba dole kunnuwan biyu su ɗauki girma ɗaya ba. Sau biyu a mako cire robar ka wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ta bushe ƙarau kafin ka mayar. Ragar bakin kuma, juya ta ƙasa ka goge da busasshen buroshin haƙori mai laushi, musamman lokacin ƙurar hunturu. Jikinsa a goge da ƙyalle mai ɗan sifirit, ba a zuba masa. Soson toshe kunne ba a wanke shi, in ya yi datti ko ya daina kumbura a jefar. Ba a aron iyafis ɗin wani.

In robar ta cire ta maƙale a ciki, kada a bi ta da tsinken ashana, gashin kaza ko auduga mai tsinke. Tura ta za a yi. A asibiti minti kaɗan ne a ciro ta. In kuma ka tashi da safe kana jin ƙara kamar ta ƙwaro a kunne, ko sauti ya dushe maka, muryar ta yi yawa, rage ta tun daren nan. Ka riƙa ba kunnen hutu dare biyu ko uku a mako. Gidan da ke da ƙananan yara a kula da waɗannan ƙananan iyafis, sukan faɗo cikin shimfiɗa, yaro ya tsinta ya kai baki, ga batir a ciki.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Anti, Oga da Malam Bazazzagi. Saura abu ɗaya. In na sa sautin ya mutu bayan minti 30, janaretan yana nan har ƙarfe biyu, zai iya tashe ni. In kuma na bar shi har safe, ga maganar kunne da caji. Ina mafita? Kuma ba a taɓo min maganar asuba ba.

Bazazzagi ya amsa:

Raba daren kashi biyu. Minti 30 zuwa 45 na farko na waƙa ne ko karatu. Waƙar ta zama mai tafiya a hankali, bugu 60 zuwa 80 a minti, ba ganga mai tashi, ba amshin da ke maƙalewa a kai, don irin wannan kan ci gaba da juyawa a ƙwaƙwalwa ta hana barci yin nauyi. Bayan nan sai sauti mara canzawa ya karɓa: ruwan sama mara tsawa, ko hucin fanka. Nemi mai kauri, wanda ba ya tsiii a sama, shi ne yake narkewa da gurnanin janareta a murya ƙasa-ƙasa. Jera su a jeri ɗaya, waƙoƙin a gaba, sautin ruwan a baya, ka sa agogon kashewa ya ƙare jim kaɗan bayan ƙarfe biyu. Daga nan kunne ya huta, kuma kafin asuba ba abin da ke tsakaninka da ladan sai robar.

Ka saukar da fayil mai tsawon awa ɗaya ko fiye. Gajere na minti biyu da ke maimaita kansa yana da ɗan tsinkewa a mahaɗa, kuma wannan tsinkewar tana farkar da mai barci mara nauyi. Kada ka dogara da abin da ke zuwa kai-tsaye ta intanet: talla tana shigowa da murya sama da ta waƙar, netwok ya yanke, data ta ƙare. In akwai wuta ko fanka mai caji, hucinta kaɗai yakan yi wannan aikin na biyu ba tare da komai a kunne ba.

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Agogon kashewa yana cikin Spotify da VLC, YouTube ma sun sa shi a 2024, sai dai YouTube na kyauta yana tsayawa in allo ya mutu, barin allo a kunne kuwa zafi ne da cin batir. A iPhone shiga manhajar agogo, wajen ƙidayar lokaci, maimakon zaɓen ƙararrawa ka gangara ƙasa ka zaɓi tsayar da abin da ke kunne, yana aiki da kowace manhaja. Kunna yanayin kada-a-dame-ni don saƙon WhatsApp kada ya buga maka a kunne, amma ka bar wa alam da lambobin gida hanya.

Alam kuwa kada ka yi zato, gwada shi da rana. Jona iyafis, sa alam na minti biyu, ka ga ta ina ya fito. Wasu wayoyin suna fitar da shi ta sifikar waya da iyafis lokaci guda, wasu ta iyafis kaɗai, in ya faɗo ko cajinsa ya ƙare sai a yi rashin sa'a. Sake gwadawa da iyafis ɗin a kashe. In soso za ka sa a kunne biyu, agogon hannu mai girgiza shi ne abin dogaro, kuma ka sanar da ƙanenka don a samu mai jin ƙwanƙwasa ƙofa.

Iyafis na yau da kullum awa 4 zuwa 6 yake yi yana sabo, bayan shekara ɗaya ko biyu ya ragu, don haka tsarin Malam Bazazzagi na tsayawa ƙarfe biyu ya yi daidai da ƙarfinsa in ka kwanta ƙarfe goma. Cika shi da yamma, ba a gado ba. Wayar ma kada ta kwana ƙarƙashin filo, balle tana caji: batirin litiyam ba ya son zafi, kuma wanda ka ga ya kumbura ya ɗaga murfi, daina amfani da shi. In sifika ka ɗauka, duba ko tana da wutar shuɗi mai ƙiftawa da muryar da ke ihu in ta haɗu ko ta rabu da waya. Wutar ana rufe ta da ɗan baƙin salatif. Muryar kuwa a yawancin masu arha ba a iya kashe ta, sai dai ka jona da wayar jak in tana da ramin, ko ka nemi mai karɓar memori ka zuba sautukan a ciki, ka bar wayarka can kan tebur tana jiran alam.